Layin Baba a Ƙusar Rumbu

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da rashin yarda. In mai tallan atamfa ya rantse mini ba ta zuba, sai na jiƙa bakinta na murza a farin ƙyalle kafin in ɗauka. Abokan aikina a makarantar firamaren da nake koyarwa a Bodinga har tsokanata suke yi, wai ko ruwan leda aka miƙo mini sai na ɗaga shi sama na duba ko an huda. Ba na jin haushi, don gaskiya suke faɗa. Saboda haka ranar da 'yan'uwana maza biyu suka ajiye manyan wayoyi a gabana, kowa yana cewa tasa ce ta dace da Inna, ban tsaya kallon ƙyallinsu ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, me waɗannan mutane suke nufi da layin Baba?

Gidanmu yana wani ƙauye ne a bayan Shagari, inda in mota ta sauke ka a titi sai ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da kai ta cikin gonakin gero. Sabis ba ya shiga ƙauyen sai inda ya ga dama. Kowane gida ya san wurin nasa. Wasu a kan katanga suke samu, wasu a reshen dogon yaro, maƙwabciyarmu mai sayar da nono kuwa sai ta kifa turmi ta hau. Namu Baba ne ya gano shi, Allah ya jiƙansa. Ya yi ta zagaya tsakar gida da waya a sama, har ya isa jikin rumbun gero ta gefen gabas, ya ga sandar sabis ɗaya ta fito a fuskar wayar ta tsaya ba ta gudu ba. Nan ya kafa ƙusa. Inna ta ɗinka wa wayar 'yar jaka da ƙyallen tsohon zane, aka rataye ta. Tun daga ranar waya ba ta bin mutum a gidanmu, mutum ne ke zuwa wurinta. In ta yi ƙara ka ruga ka tsaya, fuskarka na kallon rumbu, ka yi maganarka a tsaye, domin in ka ɗan matsa gefe maganar ta tsinke.

Mu huɗu Inna ta haifa. Akwai Yaya, mai fataucin albasa, yana zaune a Bodinga kusa da ni. Sai ni, sai ƙanena mai bi mini, ma'aikacin ofis a birnin Sakkwato. Sai Auta. Dukanmu Baba ya sa mun haddace lambar nan kamar yadda muka haddace ƙananan surori, yana cewa takarda tana ɓata amma kai yana tare da mai shi.

Auta ya bar gida ne da fushi. Akwai wani bijimi da ya yi kiwonsa tun yana ɗan maraƙi, Baba ya sayar da shi ranar kasuwa bai ko gaya masa ba. Auta bai yi faɗa ba, shi dama ba mai yawan magana ba ne. Ya bi samarin da ke tafiya arewa haƙar zinariya, can bayan Agadas. Da farko yakan kira jefi-jefi, kullum da baƙuwar lamba mai tsawo, ya ce wayar wani ya ara, a gaida kowa. Da Inna kaɗai yake yarda ya yi magana. Daga baya kiran ya ɗauke. Baba ya kwanta ciwo ya rasu Auta bai sani ba, mu kuma ba mu da inda za mu aika masa. Abu ɗaya muka tabbata, lamba ɗaya ce tak a kansa, ita ce ta jikin rumbu. In layin nan ya mutu, ko Auta yana raye ya rasa hanyar da zai ce mana yana raye.

Shekarun nan duk Inna ba ta bar layin ya kwana a kashe ba. Wayar ƙarama ce mai madannai, irin wadda yara ke kira rakani-kashi, batirinta biyu. Ɗaya yana ciki, ɗaya maƙwabciya na tafiya da shi caji in za ta kai nono Shagari. In Inna za ta sauya batir, cikin sauri take yi don kada layin ya daɗe a kashe. Tabarmarta ta koma gindin rumbu, nan take tsince wake, nan take jan carbi. Mu 'ya'yanta an sa mana kiɗa daban a wayar, in mun kira ta san mu ne tun daga nesa, takan ma ƙarasa alwalarta kafin ta ɗauka. Baƙuwar lamba kuwa ƙararrawa ce zalla. In wannan ta kaɗa, ko tuwo take tuƙawa sai ta saki muciya.

To a kan wannan layi ne aka zo mini da zancen manyan wayoyi.

A gidan Yaya ne, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An gama kwashe albasa, ya dawo daga kudu fuska a sake, ya aiko a kira ni. Na tarar da ƙanena ya zo daga birni, an shimfiɗa darduma, wayoyi biyu suna kwance a kai kamar kayan lefe. Kowacce ta fi tafin hannuna, bayanta da idanun kyamara a jere. Suka ce sun yi shawara a sauya wa Inna waya, sai dai sun kasa daidaitawa a kan wacce, shi ya sa suke so in raba gardama. Tun daga nan na ji ban yarda ba. Tun muna yara waɗannan biyun ba su taɓa neman in raba musu gardama ba, sai dai su haɗu su ce na cika baki.

Yaya ya ɗaga tasa, wadda wani abokin cinikinsa ya kawo masa daga waje. Ya ce, "Wagga waya, ko babu sabis ko ɗigo, da tauraron ɗan'adam taka magana. Cikin daji kike, cikin ruwa kike, sama kawai za ki nuna mata. Inna ta huta da tsayuwa gaban rumbu."

Ƙanena ya yi dariya irin ta 'yan ofis, wadda ba a buɗe baki sosai. Ya ce, "Yaya, tauraron ga naka bai san da ƙasag ga ba tukuna. Tawa sim biyu taka ɗauka. In kamfani guda ya ɗauke, guda na nan. Ga 5G, ga wayifai sabon yayi, ga bulutut mai kai nesa. In ka kara ta jikin wata waya, sai su miƙa ma juna hoto ba tare da data ba."

Na ce, "Wayifai ɗin wa za ta kama a gidan Inna, na awaki?"

Ba wanda ya kula ni. Suka ci gaba, wannan ya ce tasa ta fi saurin sauke bidiyo, wancan ya ce tasa ta fi riƙe kira in mota na gudu. Yaya ya ce tasa in ta ɓace ana ganin inda take a taswira, ƙanena ya ce wannan ai kowace babbar waya na yi. Ni kuwa na ɗauki ta Yaya ina jujjuyawa, ina bin gefenta da farce. Na bi dama, na bi hagu, na duba sama da ƙasa. Babu ramin sa sim.

Na tambaye shi ta ina ake sa mata layi. Ya ce ai ci gaban kenan, sim ɗinta na iska ne, ba a ganinsa. Ofishin kamfani za a je su zuba lambar a cikin wayar, a jefar da tsohon katin. Na ce wa zai je? Ya ce mai layi mana. Sai kuma ya tuna inda mai layin yake kwance. Layin da sunan Baba aka yi masa rajista, fuskarsa da yatsunsa aka ɗauka. Ni ban san abin da dokar kamfani ta ce a kan layin mamaci ba, wasu sun ce ana mayarwa da sunan magaji, wasu sun ce rufewa ake yi. Ban kuma yi niyyar gano gaskiyar ta hanyar gwadawa da layin Baba ba.

Yaya ya ce, "To in ya ƙi, sai a yi mata sabuwal lamba. Mu da ke kiranta ai duk mun sani."

Na kalle shi da kyau. Na tuna abin da ya faɗa bayan rasuwar Baba, da mutane suka watse, cewa yaron da ya san hanyar gida bai zo ba, a daina barin tsohuwa tana azabtar da kanta. A raina na ce, ashe haka kake so ka zare ƙusar nan daga rumbu ba tare da an ga hannunka a kai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, don ba a gidana nake ba.

Shi ma ƙanena bai kwanta mini ba. Da na miƙa hannu zan ɗauki tasa, sai ya riga ni, ya ce ya riga ya saita wa Inna komai, kada in taɓa wani abu in rikita. Mutumin da tun yana yaro in ya sami sabon abu sai ya tura maka a hanci ka gani, yau shi ne ke ɓoye waya a aljihu. Na ce musu ni ba zan raba gardama a kan darduma a Bodinga ba. A kai su gaban rumbu, a rataye kowacce, mu gani.

Washegari muka kama hanya a motar Yaya, wadda ko an wanke ta warin albasa ba ya barinta. Yaya na tuƙi, wayarsa a cinya, ƙanena na gefe yana leƙa duka biyun yana ba da rahoto. Nan taka ta cika, nan tawa ta fi, nan duk sun faɗi. 5G ɗin da ake ta kuri da shi ko a cikin Bodinga ban ga ya leƙo ba, balle da muka saki kwalta bayan Shagari. Kafin mu hango bishiyoyin ƙauyenmu duk wayoyin biyu sun yi tsit.

Mun sami Inna a gindin rumbu tana ɓare gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, aka sha fura. Da aka fito da wayoyin ta goge hannu a zane ta karɓi kowacce ta auna nauyinta, ta sa albarka, ta mayar. Ba ta ce tana so ba, ba ta ce ba ta so ba. Na san wannan shirun, daga wurinta na gaji rashin yardata.

Aka fara da ta Yaya, da layinsa a ciki. A jikin ƙusa ta kawo sanda ɗaya, daidai da 'yar rakani-kashi. Yaya ya ce a jira a ga aikin tauraro. Ya fita bayan gida wajen garke inda babu bishiya, ya ɗaga waya sama, yana juyawa a hankali, ya fuskanci gabas, ya fuskanci kudu, shanu sun daina tuƙa suna kallonsa. Inna ta leƙo ta kan dangar kara ta ce, "Wanga yaro awa mai duban wata da rana tsaka." Can dai wayar ta rubuto masa da Turanci cewa wannan hidima ba ta iso yankin da yake ba. Ya dawo yana share gumi yana cewa ai nan gaba za ta iso.

Ta ƙanena kuwa, in faɗi gaskiya, ta ba ni mamaki. A jikin ƙusa sanda biyu ta kawo. Ya cire ta ya taka a hankali zuwa ɗakin Inna, sanda ɗaya ta bi shi har bakin ƙofa ba ta sake shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da damina Inna takan yafa buhu ta fito cikin ruwa in ta ji kamar ƙararrawa, sau da yawa ma ba wayar ba ce, kunnenta ne. In waya za ta yi ƙara a bakin ƙofarta, an rage mata wahala. Ƙanena ya yi kiran bidiyo zuwa gidan Yaya, jikoki suka cika fuskar wayar, hoton na tsayawa yana tafiya, Inna tana dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Na ji zargina ya fara sanyi, har na fara jin kunyar kallon da na yi ta yi wa yaron nan tun jiya.

Inna ta yarda a gwada da layin Baba. Ƙanena ya sauko da 'yar jakar, ya buɗe bayan wayar, ya zare sim. Babba ne, sai da ya ɓalle ɗan ƙaramin da ke tsakiya daga cikin firam ɗin robar da ke kewaye da shi kafin ya shiga sabuwar. Ya yar da firam ɗin a ƙasa. Na sunkuya na tsince shi na ƙulle a bakin mayafina, ba don na san amfaninsa ba, hali ne kawai. Inna kuwa tana tsaye a kansa tana cewa, "Yi maza, ɗan nan, layin a kashe shike." Ba ta zauna ba sai da ta ga wayar ta kawo haske.

Yaya ya kira, ta yi ƙara. Na kira, ta yi ƙara, da ƙarfi har kaji suka watse. Ƙanena ya buɗe hannuwa alamar magana ta ƙare.

Inna ta ce, "Ku duka ta san ku, kun zuba mata sunayenku. A kira ni da lambad da ba ta sani ba."

Na ga ƙanena ya kalli Yaya, Yaya ya kalli ƙasa. Kallon bai daɗe ba, amma na gani. Ƙanena ya fara cewa ai duk ɗaya ne, kira kira ne. Inna ba ta saurare shi ba, ta ɗaga murya ta kira maƙwabciya ta kan katanga, ta ce ta hau turminta ta buga layin Baba. Lambar maƙwabciya ba ta cikin wayar, don wanda kake ji in ya yi tari ba ka bukatar lambarsa.

Muka zuba wa wayar ido. Fuskarta ta kawo haske, wani rubutu ya fara gudu a kai, amma ba ta yi ƙara ba. Ko motsi ba ta yi ba. Sai muryar maƙwabciya daga bayan katanga, a tsorace: "Inna, wata Baturiya ta ɗauka! Tana ta yi mini tambaya, ni ban san mi taka cewa ba. Na kashe!"

Na juya kan ƙanena. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na dai san ban rage murya ba. Na ce dama na sani, tun da ya hana ni taɓa wayar na san akwai abin da ya binne a ciki. Na ce ɗaya ya zo da waya marar ƙofa, ɗaya ya zo da mai ƙofa ya sa mata maigadi, duk don a raba tsohuwa da ɗanta. Ya bar ni na gama. Sa'an nan ya ce, ba da faɗa ba, "Kin san an sa Inna ta kai ragonta kasuwa?"

Ban sani ba. Ashe watannin baya wani mutum ya kira layin Baba da baƙuwar lamba, ya lallaɓa Inna da tambayoyi har ta faɗi da bakinta cewa tana da ɗa a arewa. Sai ya ce ai tare suke, rami ya rufta da shi, yana asibiti, a turo abin magani kafin yamma. Inna ta ba mijin maƙwabciya ragon da take kiwo ya kai Shagari. Allah ya sa mijin maƙwabciyar ya kira ƙanena kafin ya sayar. Da ƙanena ya bi lambar ya nemi a faɗa masa sunan yaron da sunan ƙauyensu, sai aka kashe. Tun daga nan irin kiran bai tsaya ba, kamar sun gaya wa juna akwai wata tsohuwa mai ɗauka. Duk ranar da suka kira, Inna ba ta cin abinci. Su biyun sun sani, suka ɓoye mini, wai saboda bakina.

Zargina ya faɗa daidai a kan abin da suka aikata, amma bai ko kusanci dalilinsu ba. Haushinsu bai bar ni ba, sai dai tausayin Inna ya danne shi, na ji hawaye na neman zubo mini a gaban ƙanena, abin da ba na so.

Ƙanena ya durƙusa gaban Inna ya yi mata bayani. Ya ce wayar ba toshe kowa take yi ba. In baƙuwar lamba ta kira, ita ce ke fara ɗauka ta tambayi mutum sunansa da abin da ke tafe da shi. In ya amsa, sai ta yi ƙara, a ga abin da ya ce a rubuce, a zaɓi ɗauka ko bari. Ya ce 'yan damfara ba sa son wannan, da sun ji sai su gudu. Ya ce, "Auta kuwa in shi na, ai sunanai kawai za shi hwaɗi."

Inna ta ɗauki kwaryar gyaɗarta ta ajiye gefe. Ta ce, "Kun manta wa kuka magana a kai. Yaron da yab bar gidan ga bai ce ma kowa uffan ba. Shekara da shekaru shina tara ƙarhin halin da za shi kira. Wayar aro ta, mai ita na tsaye bisa kainai. Shi buga lambar ubanai, bai ko san uban ya rasu ba, sai wata baƙuwa ta tare shi da Turanci ta ce wane ne kai, mi kaka so? Aje wayar za shi yi. Kuma ba shi ƙara kira."

Yaya ya ce, "Inna, amma mutanen ga suna cutar ki."

Ta ce, "Sau guda sunka samu sa'ata. Yanzu na iya su, da sun buɗe baki nika gane ba shi na ba. Amma sai na ji bakin tukuna. Su yi ta kira. In saurare su duka ya hi mini sauƙi da in rasa nai guda. Ba a tsaida ɗana ƙohwar gidan ubanai a tambaye shi suna."

Ƙanena ya ce to shi kenan, zai kashe abin yanzu a gabanta, danna wuri ɗaya ne kawai. Inna ta tambaye shi, lokacin da aka kunna, wayar ta nemi izininta? Ya ce a'a. Ta ce to abin da ake kunnawa ba ta sani ba, ana iya sake kunna shi ba ta sani ba. Ni kuma na tuna masa cewa jiya da bakinsa ya yi alfaharin wayar tana sabunta kanta ba sai an taɓa ta ba, wa ya san irin maigadin da za ta ɗauko wata rana? Ya ce ba haka abin yake aiki ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne, ya fi ni sanin waya. Amma babu wanda zai iya rantse wa Inna, ita kuma ba ta karɓar abin da bai kai rantsuwa ba a kan wannan layi.

Na kwance bakin mayafina na miƙa masa firam ɗin. Ya kalle ni, ya girgiza kai, har ya ɗan yi murmushi. Ya mayar da ɗan sim ɗin cikinsa, ya sa a 'yar rakani-kashi, Inna na tsaye a kansa tana cewa ya yi maza. Aka mayar da jakar kan ƙusa. Aka sake sa maƙwabciya ta hau turmi, ƙararrawa ta kaɗa, Inna ta ɗauka ta ce mata ta sauka haka nan, an gode.

Babbar wayar ƙanena ta zauna a gidan da sabon layi, don ganin jikoki. Tana bakin ƙofar ɗaki a kan wani kwano, Inna na rufe ta da faifai saboda kaji. Yaya ya koma da tasa, har yau in an zauna yakan ce tauraron na nan tafe. A hanyar dawowa ba wanda ya ba da rahoton sanda.

Bayan wannan da 'yan watanni, wata Asabar na yi wa Inna alkawarin zuwa, sai aikin duba takardun jarrabawa ya riƙe ni a makaranta har rana ta yi tsaka. An kwana biyu babu wuta a unguwarmu, wayata ta mutu. Na isa tashar Bodinga na tarar motar Shagari ba ta ko fara cika ba, na ga gara in gaya mata kada ta jira ni da abinci. Wata mata na zaune kusa da ni a benci da buhun barkono, tana jiran motar Sifawa. Na roƙe ta aron waya, ta ba ni. Na danna lambar Baba daga kaina, ban yi tunanin komai ba.

Ƙararrawar ba ta gama kaɗawa ba aka ɗauka. Na ji numfashi, irin na wanda ya taso da sauri. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi wa ke magana ba. Ta yi shiru tana ba mai kiran fili. Sai a hankali, da wata murya mai taushi da ban taɓa jin ta yi mini magana da ita ba tun da na girma, ta ce, "Auta?"

Da ina da yadda zan yi in zama shi na wannan ɗan lokaci, da na yi. Matar mai barkono tana kallona, 'yan kamasho na ta kiran fasinja a bayana.

Na ce, "Inna, ni ce. Wayata ce ba caji."

Ta ce, "A'a, ke ta?" Muryar ta koma wadda na sani. Ta tambaye ni lafiya, na ce lafiya lau, zan yi yamma ne kawai. Ta ce ba komai, za ta rufe mini tuwon. Na buɗe baki zan ƙara wata magana, ko me ce ce, don kada in bar ta haka.

Ta ce, "To sai kin iso. Aje haka nan, ɗiyata, kada a kira a iske layin a tsare."